Ruwan Kwara Bai Taɓa Zama Shuɗi Ba

Sau biyu Kwara ke cika a shekara a ƙasar Bagudo, kuma kowace cika da kalarta. Ta damina, wajen Agusta da Satumba, ruwa ne mai laka, fari-fari, ba ka ganin tafin hannunka a ciki. Ta biyu da sanyi take isowa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ruwan sama ne da ya zuba a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau, duhu-duhu. Kowane Basarke ya san wannan tun kafin ya iya jefa birgi. Shi ya sa raina ke sosuwa in na ga hotunan da samarinmu ke turowa daga Gadar Tuga, ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, sama ja wur, ba ka iya cewa ga watan da aka ɗauka.

Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato, 1991, ni ke ɗaukar jakar wani dattijo mai hoto da muke kira Baba. Daga Matsinkai muke bin kasuwanni, yau Ka'oje, gobe Illo, wani lokaci har Lolo a bakin iyakar Benin. Kyamararsa Yashica ce, fim ɗinsa mai cin hoto 36. Abincinsa hoton biki ne da suna da fasfo. Amma in fim ya kusa ƙarewa, sai ya rage biyu ko uku ya ce na ƙasa ne. Ba wanda zai biya shi ko kwabo a kansu. A kansu kuma ya fi daɗewa.

Na sha tsayuwa a bayansa a bakin ruwa har ƙafata ta sage. Ya kan ɗaga kyamara, ya sauke, ya matsa taku uku, ya durƙusa. Jira yake kwale-kwale ya iso daidai inda inuwar giginya ta ƙare. Da rana tsaka ba ya ko buɗe jaka, sai hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe, kowace kunya ta gona ta fito da inuwarta. In na ƙosa sai ya ce, "Yaro, mi kaka sauri? Fim kuɗi na, rana kyauta ta."

Daga nan sai a damƙa wa direba fim ya kai Sakkwato a wanke. Ranar da ambulan ya dawo, nan ne makarantar take. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma, hoto ya riƙa bin hannu-hannu, kowa na riƙe shi ta gefe don kada yatsa ya ɓata shi. Alƙalan kuwa manoma ne da masunta da wani Bafulatani da ba ya rasa zuwa. Ba su da sassauci. In layin da sama ta haɗu da ruwa ya karkace, wani Basarke cikin masuntan zai juya hoton ya ce, "Malam, wanga ruwa ai zubewa za ya yi." In sandar wuta ko reshe ya fito ta saman kan mutum, har yara sai sun nuna. Bafulatanin shi kansa shanu yake dubawa: an yanke wa sa ƙaho a gefen hoto, to, a wurinsa an gama magana.

Baba na saurare, ba ya fushi, amma yana da nasa ƙa'idodin. Ka yanke shawara tukuna, sama kake ɗauka ko ƙasa. Wadda ka zaɓa ka ba ta kaso mafi yawa, kada ka raba su biyu daidai. Ka sa wani abu kusa, taru da aka shanya ko tulu ko kututture, don ido ya sami wurin dafawa kafin ya yi nisa. Sai bayan shekaru na tarar da irin wannan a littattafan masu koyar da hoto, inda suke kasa fili gida uku.

Gardamar da ta fi tsaya mini ita ce ta wani hoton hunturu. Hazo ya rufe tsallaken kogi ruf, sai kwale-kwale ɗaya da mutum a tsaye da gora. Jama'a suka ce fim ya lalace, a nemi direba ya mayar. Baba ya ce ba abin da ya lalace, haka Janairu take, wanda ya manta ya fita waje ya duba. Aka yi ta ja har kiran magariba. Wannan hoton shi ya manna a cikin murfin akwatinsa.

Ba gyaran hoto nake ƙi ba. Baba ma yana datse gefe da almakashi, yana kuma haɗa fim da 'yar takarda cewa kada masu wanki su cika ja. Ansel Adams na Amurka, wanda ake ji da shi a hoton daji da duwatsu, ya ɗauki wata yana fitowa bisa ƙauyen Hernandez a 1941, kuma da ya riƙa sake wanke hoton a shekarun da suka biyo baya, ya ƙara wa samansa duhu. Sai dai watan nan da gizagizan nan suna wurin ranar da ya tsaya. Yau kuwa, tun 2020, manhajar Photoshop na iya cire sararin sama gaba ɗaya ta liƙa wani da dannawa ɗaya. A shekarar ce kuma ambaliya ta ci shinkafar Kebbi, har da ta Bagudo. Da mutane suka so nuna wa 'ya'yansu inda gaɓa take a da, tsofaffin hotuna irin na Baba aka lalubo, saboda su ba su ƙara wa ruwa komai ba.

Abin da na fi kewa shi ne tabarmar. Yanzu yaro zai ɗauki hoto ɗari a yini, ya sa filta, ya watsa a Facebook, a yi ta zuba masa Masha Allah. Ba mai ce masa layin ya karkace, don ana ganin gyara kamar hassada ce. Alhali idonsu na da kyau. Kwanaki ɗan ƙanwata ya turo mini fadamar shinkafa da asuba, hayaƙin masu turara na tashi a gefe, balbelu sun jeru bisa kunya. Na kira shi na ce, "Ɗana, ka tsaya a wuri mai kyau, amma ka yanke kan gorubar, kuma wannan koren ba na shinkafar rani ba ne." Ya yi shiru, ya ce wayar ce ke yin haka da kanta. Na ce ya nemi inda ake kashe shi, ya koma gobe kafin rana ta ɗaga, ya ja da baya kaɗan.