Bakin Bututun Birki

Jama'a da yawa, in aka ce birki, abin da suke tunawa shi ne matakin nan da direba yake dannawa da ƙafa. Ba su san cewa ran fasinja duka yana rataye ne ga wani siririn bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota ba. Kaurinsa milimita 4.75 ne kacal a yawancin ƙananan motoci, watau bai kai fensir ba. Cikinsa man birki yake bi daga gaban direba zuwa ƙafafu huɗu.

Malamin kimiyya ya koya mana cewa wani Bafaranse, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa in an matsa ruwa a rufaffen wuri, ƙarfin yakan isa kowane sashe daidai. To, kalmar “rufaffe” ita ce maganar. Da bututu ya yi huda, mai ya tsiyaye, sai mataki ya tafi ƙasa salin-alin, mota kuwa ba ta san ana yi ba.

A garinmu Wurogauri wannan ba labari ba ne. Da damina akori-kura tana ratsa laka da ruwan fadama, tsatsa tana cin bututun a ɓoye, ga kuma lodin albasa da shinkafa zuwa Jega ko Birnin Kebbi. Kawuna yana da tsohuwar Toyota, a gida yake gyaranta, ni kuwa duk hutu ni ne ɗan miƙo sifana.

Yanke ruɓaɓɓen wuri ba wuya. Wuyar tana ga yi wa sabon bututu baki, yadda noti zai matse shi ya zauna ba yoyo. Kawu yana da ƙarfen yin wannan: sanduna biyu masu ramuka, da wani mai tsini da ake murzawa. Sai ya yanke bututun daidai, ya kankare bakin, ya fara zura noti tukuna, don in an buɗe baki noti ba ya ƙara shiga. Sa'an nan ya damƙe shi tsakanin sandunan, ya ɗiga man birki kaɗan, ya ɗora wani ɗan maɓalli, ya murza har bakin ya kumbura. Ya cire maɓallin, ya sake murzawa, bakin ya naɗe ciki ya zama riɓi biyu. Na taɓa tambayarsa don me ba a tsaya ga riɓi ɗaya ba. Ya ce, “Ɗana, riɓi ɗaya na mai sauri ne, shi ke tsagewa a gangara.”

Baki ma iri-iri ne. Motocin Japan riɓi biyun nan suke so, motocin Turai da yawa kuwa kumburarren baki ake yi musu. In aka haɗa wani da mazaunin wani, ko an ɗaure noti har ya yi kuka sai ya zubar.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu sa bututun jan ƙarfe na firiji don araha da sauƙin lanƙwasa. Girgizar hanya tana gajiyar da shi har ya karye. Wasu ma sukan daddaƙe bututun da ya huje, su toshe shi, mota ta tafi da birkin ƙafa uku. A ganina wannan caca ce da ran mutane, kuma iyayenmu da ke sa mu a mota in an koma makaranta ya kamata su riƙa tambaya.

Bayan ɗauri sai fitar da iska, domin iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Nan aikina yake. Ina zaune a kujerar direba ina taka birki, Kawu yana ƙarƙashi yana kwance ɗan noti, daga ƙafar da ta fi nisa. In mataki ya yi tauri, sai ya ce in danne shi da ƙarfi in riƙe, shi kuma ya bi bakin da yatsa ko zai ji danshi.