Maganaɗisu a Goshin Auta

Abin da ya sa Auta ta fasa madubin banɗaki da hannunta a wannan dare bai taka kara ya karya ba. Saƙo ta aika wa ƙawarta, alama ta nuna an karanta, amsa ba ta zo ba har awa uku. A cikin awa ukun nan ƙawar ta tashi daga aminiya ta koma maƙiyiya, ita kuma Auta ta yanke wa kanta hukuncin cewa ba ta cancanci rayuwa ba. A Ingila muke lokacin, ina aikina na injiniyan lantarki, ita kuma ta zo digiri na biyu ta sauka a gidana. Ɗinki biyar aka yi mata. Washegari ƙawar ta kira, ashe aiki ne ya riƙe ta.

Bayan watanni ana kai-kawo, likita ya ba abin suna: lalurar rashin daidaiton motsin rai, wadda aka fi sani da sunan da ke nufin "ɗabi'ar kan iyaka". Sunan tsohon yayi ne. Wani likita a New York, Adolph Stern, ya yi amfani da shi a 1938 don marasa lafiyar da ya ga kamar suna tsaye tsakanin damuwa ta yau da kullum da taɓin hankali, sai a 1980 ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka. Mai wannan lalura yana jin komai fiye da kima. Tsoron a guje shi ba ya barinsa, fushinsa na tashi kamar wutar kara, yakan cutar da jikinsa, wani lokaci ya nemi kashe kansa. Da na yi wa Hajiya bayani ta waya, cewa ta yi Auta dama tun tana ƙarama zuciya gare ta. Ba ta yi ƙarya ba, sai dai zuciyar da ke kai mutum ɗakin gaggawa ta wuce hali.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jin cewa babu ƙwaya. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta faɗa tun 2009 cewa kada a ba da magani don wannan lalura ita kanta. Abin da ake bayarwa zama ne da magana, kuma layin jiransa dogo ne. Ni kuwa mutum ne da ya saba idan abu ya lalace a buɗe shi a nemo wayar da ta ƙone. Don haka ranar da na ci karo da labarin zaburar da ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba, sai na ji kamar an yi mini magana da harshen uwa.

Dabarar da ake kira TMS a taƙaice ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya karanta lantarki. Michael Faraday ya nuna a 1831 cewa ƙarfin maganaɗisu idan yana sauyawa yakan haifar da lantarki a abin da ke kusa da shi, kuma a kan wannan ne kowace taransifoma take aiki. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield suka ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan mutum, suka sakar mata wuta ta ɗan ƙiftawar ido, maganaɗisun ya ratsa ƙoƙon kai ya motsa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, hannun mutumin ya zabura. Ba yanka, ba allurar barci. Idan aka maimaita bugun sau dubbai a zama ɗaya, kwana biyar a mako har mako huɗu zuwa shida, ana iya ƙara kuzarin wani yanki na ƙwaƙwalwa ko a rage shi. Amurka ta amince da dabarar don ciwon baƙin ciki mai tsanani a 2008. Akwai kuma ƙanwarta mai araha, tDCS, inda ake manna soso biyu masu laima a kai a saki wuta ƴar mitsitsiya, miliyamfa ɗaya ko biyu, na kimanin minti ashirin.

Hujjar gwada su a kan lalurar Auta ta burge ni ƙwarai. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a masu ita, amigdala, wani ɗan ƙulli da ke can ciki wanda ke buga ƙararrawar haɗari, yana saurin tashi, yankin bayan goshi kuma da ke taka masa birki yana da sanyin jiki. To, a ƙarfafa birkin mana! Na zana wa Auta wannan a takarda da kibiyoyi, kamar taswirar wayoyin gida.

Injiniyancin da ya ja ni shi ne kuma ya fara sanyaya mini gwiwa. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri idan aka yi nisa da wayar. Santimita biyu ko uku kawai yake shiga da ƙarfin kirki. Amigdala ba ta nan kusa. Ana buga goshi ne da fatan saƙon zai gangara. Da na zauna na karanta gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan lalura, sai na tarar yawancinsu mutum goma ne, ashirin, talatin. Wannan ya buga dama, wancan hagu, wani tsakiyar goshi. Wasu ba su ma da rukunin da aka yi wa bugun bogi don kwatantawa, kuma kaɗan ne suka bi marasa lafiyar bayan watanni. An ga alamun sauƙi, musamman wajen gaggawar aikata abu da baƙin ciki, ba zan hana su wannan ba. Amma mutumin da ya ji an yi watsi da shi duk rayuwarsa, idan aka ce ya zo kullum har mako shida, ma'aikaciya ta tarbe shi da sunansa ta tambayi yadda ya kwana, wa zai raba mini aikin maganaɗisu da aikin tarbar? Da a wurin aikina ne aka kawo mini na'ura da irin wannan shaida, ba zan sa hannu a saye ta ba.

Duk da haka na kira wani asibiti mai zaman kansa. Suka ce don baƙin ciki suke yi, amma za su duba, kuɗin kuma dubban fam ne. Na kai wa Auta takardar, ina jiran godiya. Ta juya ta gaba da baya, sannan ta ce, "Yaya, kai so kake a gyara ni kamar taransifoma, a dawo maka da ni ka huta." Na buɗe baki zan musa, na rufe. Na'urar ba ta neman komai daga gare ni sai kuɗi da mota. Ba ta ce in koyi saurare ba, ba ta ce in daina cewa "abin nan bai kai haka ba", maganar da, na gane daga baya, ke zuba wa wutar fetur.

Layin jira ya iso kanta bayan wata takwas, ta fara DBT, tsarin da Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ta gina, wanda gwajinsa na farko ya fito a 1991. Linehan ta bayyana a 2011 cewa ita ma an kwantar da ita tana da shekara 17, ta yi fiye da shekara biyu a can tana cutar da kanta, har da jona mata wuta a ka irin ta da. Auta ta fi riƙe wannan labari fiye da duk zanena. Ni kuma abin da na riƙe shi ne binciken Mary Zanarini a asibitin McLean, wanda ya bi mutum 290: cikin shekara goma, fiye da kashi 90 cikin ɗari sun samu aƙalla shekara biyu da alamun suka lafa, ko da yake kusan rabi ne kawai suka haɗa da aiki da zamantakewa mai ɗorewa.

A makon jiya wani saƙon ya sake makara. Na ji ta a kicin tana juye ƙanƙara a roba. Ta tsoma fuskarta, ta riƙe numfashi, dabarar da aka koya musu don sanyi ya rage bugun zuciya. Ban ce komai ba, na miƙa mata tawul. Takardar asibitin tana nan a durowarta. Ta ce idan baƙin cikin ya dawo da nauyinsa na bara za ta tambayi likitarta a kai, tunda a wannan ɓangaren akwai shaida, kuma ita za ta yi kiran da kanta.