Na'urar da Ba Mu Saya Ba

Wannan makon labarin kuɗi muka zo da shi, kuɗin da ba namu ba ne mu kaɗai, da yadda saura ƙiris mu juye su a kan wata na'urar kiɗa wadda tsawonta bai kai kamu biyu ba.

Asalin maganar karatun littafi ne. Kowa ya ga yadda jama'a suka koma sauraren labari a waya, uwargida tana girki tana ji, tela yana kan keke yana ji. Sai reshen ƙungiyarmu ya yanke shawarar mu ma mu riƙa karanta gajerun labaranmu da waƙoƙinmu da bakinmu muna sakewa. Gwajin farko da waya muka ɗauka, muka sauke wani kiɗa mai sanyi daga intanet muka shimfiɗa a ƙarƙashin muryar. Kwana biyu tsakani aka aiko mana da sanarwar cewa kiɗan yana da mai shi. Mu da ba mu da aiki sai kukan ana kwashe mana rubutu ba izini, ga shi an kama mu dumu-dumu da kayan wani. Ranar kowa ya yi shiru a taro. Daga nan aka ce to, mu nemi abin da za mu riƙa yin kiɗanmu da kanmu.

Mu biyu aka ɗora wa aikin bincike, don kawai mun yi difiloma a fannin lantarki a poli. “Ai ku ne injiniyoyinmu,” in ji sakatare. Ba mu musa ba, kai ma ka san daɗin suna. Sati uku muka yi muna ƙona data a kan bidiyon masu gwada kayan kiɗa, kuma a nan ne muka faɗa tarkon wata sintisaiza mai suna MiniFreak.

Ga wanda bai sani ba, sintisaiza daban take da fiyanon da muka saba gani a situdiyoyin Kano. Fiyano irin Yamaha PSR da sautukansa yake zuwa a dafe: ka danna sarewa ya ba ka sarewa, ka danna ganga ya buga maka, har ya riƙe maka kiɗan rakiya kana ɗora waƙa a kai. Ita ma sintisaiza tana da wasu sautukan a ajiye, amma ba don su ake sayenta ba. Ɗanyen sauti take haifarwa daga lantarki, wani ƙugi mara daɗi kamar na tiransifoma, kai ne za ka sassaƙa shi. Akwai sashen da ke haifar da sautin, akwai matatar da ke rage masa kaifi ko ta bar shi da tsininsa, sannan akwai mai tsara yadda zai taso da yadda zai mutu, ko ya faɗo lokaci guda kamar bugun kalangu, ko ya shigo a hankali kamar jan goge. Abubuwan da muka karanta a aji muna hamma, su mita da kafasita, sai ga su suna waƙa a ƙarƙashin yatsun wani. Mu kam an gama da mu tun daga nan.

Kamfanin Arturia na Faransa ne ya fitar da MiniFreak a 2022 a kan dala 599. Madannai 37 gare ta, tana iya fitar da murya shida a lokaci guda, tana da injinan sauti biyu na dijital waɗanda ke bi ta matata irin ta tsohon tsarin lantarki, kuma wanda ya saya ana ba shi kwafinta na kwamfuta. Babbar kishiyarta a wannan farashin ita ce Minilogue xd ta kamfanin Korg na Japan, wadda ta fito a 2019. Ita murya huɗu kawai take da su, sai dai tana da wani abu da ya sa ɗayanmu ya kwana yana tunani: za ka iya sauya ma'aunin kowace murya da kanka, ka matsar da ita sama ko ƙasa kaɗan. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin bin goge ko kukuma da fiyano ya san muryoyinsu ba sa zama daidai a kan madannan Turawa, sukan faɗa a tsakani. Na'urar da za ta yarda ta sauko ta same su a inda suke ba abar rainawa ba ce.

Mun kuma leƙa Model D ta kamfanin Behringer, wadda ta fito a wajen dala 300. Kwaikwayo ce ta Minimoog, tsohuwar na'urar da Robert Moog da mutanensa suka fitar a farkon shekarun 1970, wadda da kamfanin Moog ya sake ƙera ta a 2022 ya sa mata dala 4,999. Mun ɗan yi musu a kan wannan, don a matsayinmu na marubuta maganar asali da kwafi tana sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi. Amma musun bai yi tsawo ba. Murya ɗaya tak take fitarwa, ba ta ma zuwa da madannai, sai ka sayi nasu daban. Muka ajiye ta gefe.

Sai lissafi. Lokacin dala tana kewayen naira 1,500, wato MiniFreak ta tashi kusan naira 900,000 tun ba a yi maganar dako da kwastan ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, ka ga kuɗin ya haura albashin shekara guda cur na ƙaramin ma'aikaci. Masu bidiyon da muke kallo kuwa suna ta yabon arharta, kuma ba ƙarya suke ba, a aljihunsu arha ce. Mu abin da aka ware wa aikin sauti naira 410,000 ne. Amma akwai wasu 500,000 a asusu, kuɗin buga littafin gajerun labarai na sababbin membobi goma sha huɗu, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin sunansu a takarda ba. Kunya ba za ta hana mu faɗa ba: mun rubuta shawara cewa a ranto daga nan, idan tashar ta fara kawo kuɗi a mayar.

Mun je taro da shirinmu, har da jadawalin kwatanta na'urori a takarda. Muka yi bayani na kusan rabin awa. Hajiya ma'aji, wadda ta girme mu da shekara kusan ashirin kuma ta buga littafi tun muna firamare, ta bari sai da muka gama.

“Ƙannena, ni ban san wannan abin naku ba, ba zan yi muku musu a kan murya shida ko huɗu ba. Idan an sayo, wa zai kaɗa?”

Muka kalli juna. “Hajiya, ai za mu koya.”

“Da kuɗin littafin yara goma sha huɗu za ku koya?”

Ba ta ƙara komai ba. Mun ji haushi, gaskiya, har muka ce a ranmu tsofaffin hannu ba sa son sabon abu. Shugaba ya raba gardamar da cewa mu je mu ji ta bakin wanda ya san sana'ar kafin a kaɗa ƙuri'a.

Haka muka sami wani makaɗin fiyano a wajen titin Gidan Zoo, mutumin da ya fi shekara ashirin yana yi wa mawaƙa kiɗa. Muka nuna masa hoton na'urar a waya. Ya san ta, har ya ce shi ma da zai samu yana so. Sannan ya ce mu kunna masa karatun da muka ɗauka. Bai yi minti ɗaya yana ji ba ya tsayar.

“Samari, wannan ƙarar fanka ce ko?”

“Ita ce, Oga.”

“Ga amsa-kuwwar ɗaki, ga iskar bakin mai karatu tana dukan waya. Ku fa matsalarku murya ce. Ko kiɗan wa kuka sa a ƙarƙashin wannan, ba mai jure minti goma.”

Ya kuma lissafa mana abubuwan da muka sani amma muka ƙi kallo. MiniFreak ba ta da lasifika a jikinta. Ba ta aiki da batir, in an ɗauke wuta ta zama ado. Ba ta da ganguna da kiɗan rakiya, kuma launin sauti ɗaya take bugawa a lokaci guda, in kana son ka jera uku ko huɗu sai ka haɗa da kwamfuta kana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Haka Minilogue ɗin ma. An yi su ne don wanda ya riga ya mallaki situdiyo yana neman ƙarin launi, mu kuwa ko makirfo ba mu da shi.

Duk da haka ba mu sallama nan take ba, kuma har yau muna ganin hujjarmu tana da ƙafa. Kiɗan finafinan Hausa tun ƙarshen shekarun 1990, zamanin su Sangaya, a kan irin waɗannan fiyanon na Yamaha aka gina shi, kuma kunne ya san abin da hakan ya haifar: sarewa ɗaya, ganga ɗaya, daga wannan waƙa zuwa waccan. Muna ta gaya wa sababbin marubuta su nemi muryarsu, su daina ari daga littafin da suka karanta jiya, sai kuma mu shimfiɗa labaransu a kan sautin da kowa ke amfani da shi? Muka kawo masa misalin Mamman Sani na Nijar, wanda a 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, kiɗan da aka shekara da shekaru ana sakawa tsakanin shirye-shirye, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013. Muka ce ga wanda ya rungumi kayan lantarki ya yi abin da ba a taɓa ji ba.

Oga ya yi dariya ya tambaye mu da me ya yi. Dole muka amsa: da wani ogan ƙirar Orla na Italiya, wanda ya saya a hannun wani abokin aikinsa. Na hannu ne, kuma irin mai gangunan cikin gida ne, ɗan uwan fiyanon da muke rainawa. Misalin da muka ɗauko don mu kare kanmu shi ya juyo ya kama mu.

Abin da aka saya a ƙarshe shi ne PSR-E463 na hannu, ƙirar 2018. Madannai 61, lasifika a jiki, yana tashi da ƙananan batura shida, kuma yana da maɓallan murɗawa biyu da za ka iya taɓa matatar sauti da su, wanda ya ɗan share mana hawaye. Ragowar kuɗin muka sayi makirfo da ƙaramin akwatin da ke shigar da murya cikin kwamfuta, muka rataye tsofaffin barguna a bangon shagon da muke taro. Kuɗin littafi ba a taɓa ko sisi ba, yanzu haka yana wurin maɗaba'a ana duba kurakurai.

In ana maganar sa'o'inta, MiniFreak ta ci kuɗinta, ba mu ga wadda ta ba da yawan launin sauti irin nata a wannan farashin ba, ko da yake ɗayanmu har gobe Minilogue yake so saboda maganar goge. A wurinmu kuwa ba ta ci ba, ko kusa. Sai dai kada wani ya ɗauka ba mu yi asarar komai ba. Cikin labaran da za mu karanta akwai na wata ƙanwarmu, inda yarinya take leƙa tsohuwar rijiya da tsakar dare ta ji ana kiran sunanta daga ƙasa. Mun bi sautukan fiyanon nan ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, duk wanda muka danna sai ya ba mu gidan biki ko fim ɗin Indiya. Sautin da wurin yake nema babu shi a ajiye a ko'ina, sai an sassaƙa shi, kuma aikin da aka yi waccan na'urar dominsa ke nan.

Wani ya nuna mana Surge XT, sintisaiza ce ta cikin kwamfuta, kyauta ake sauke ta, kuma ita ma tana yarda a sauya ma'aunin murya. Muka jona fiyanon da kwamfutar sakatare, madannansa suke tuƙa ta. Murɗa maɓalli da linzamin kwamfuta ba daɗi, kuma shafinta cike yake da abubuwan da difilomarmu ba ta kai can ba. Yau sati uku ke nan muna neman muryar rijiyar nan bayan sallar isha'i. Ranar Asabar muka kunna wa Hajiya ma'aji wanda muke ganin ya fi kusa. Ta saurara har ƙarshe da idonta a rufe, ta ce ya yi kama da janareton maƙwabcinta in mai ya kusa ƙarewa, amma mu rage masa kaifi kaɗan mu sake kawo mata.