Ziyararmu a Kwazazzabon Kola

Mu da muke zaune a Kuseri, a gaɓar Logon da Shari, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, laka ce da yashi. Da yawa cikin 'ya'yanmu sun girma ba su taɓa dafa dutse da hannu ba. Wannan ne ya sa muka yi shawarar kai su Kwazazzabon Kola, kusa da garin Gidar, a yankin Mayo-Luti na Jihar Arewa.

Tafiyar ba ƙarama ba ce. Daga Kuseri zuwa Marwa kusan kilomita 260 ne, ta Waza da Mora, kuma tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga a 2013, hanyar ta rasa baƙin da ta saba gani. Ba mu tashi ba sai da muka tambayi direbobi halin da take ciki, muka kuma yi tafiyarmu da rana tsaka. Muka kwana Marwa, kashegari muka kama hanyar Garwa.

Kogin Mayo-Luti ne ya sassaƙa wurin. Shekara da shekaru ruwan damina yana gugar dutsen da yashi da tsakuwa, har ya rarake shi ya bar lunguna masu zurfi. Da rani, in ruwa ya janye, mutum na iya sauka ya taka yashin da ke gindin. Dutsen baƙi ne da toka-toka, farare-fararen jijiyoyi sun ratsa shi kamar zaren saƙi, ga shi da sulɓi sai ka ce an shafe shi da mai. Wani wuri ya yi kama da tukunya, wani da turmi. Yaran da suka cika mota da surutu suka yi tsit. Ƙaramar cikinsu ta tambaya wane magini ne ya yi wannan aiki. A ganinmu, mai niyyar zuwa ya yi sammako, domin kafin azahar dutsen ya ɗau zafin da ba ya takuwa, da damina kuwa kada a kusanci cikinsa, ruwa kan sauko ba sallama.

A dawowa muka ratse Bidzar, inda mutanen da suka zana da'irori a kan farin dutsen marmara. Tun 2006 Kamaru ta sa wurin cikin jerin da take fatan UNESCO ta amince da shi. Sai dai irin wannan dutse ne ake fasawa a yankin Figil don siminti da farar ƙasa, kuma an daɗe ana kokawa cewa haƙar tana barazana ga zanen. Muka tsaya muna nuna wa yara da'irorin, manyan motoci na wucewa a kan titi.