Darasin da ɗalibina ya koya mini



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na jihar Maradi. Yau zan ba ku labarin wani ɗalibina. Ya yarda in rubuta, amma ban da sunansa.

A farkon shekara ta 2020 muka fara jin labarin cutar korona a rediyo. Wata rana mutumin nan ya zo aji, ya rufe hanci da baki da ƙyalle. Na miƙa masa hannu, sai ya dafa ƙirji. Na ce: "Malam, yaushe aka naɗa ka sarki, har da amawali?" Duk aji aka yi dariya. Washegari bai zo ba.

Na bi shi gida. Ya shiga ɗaki, ya fito da wata ƴar kwalba. Ya ce: "Mushe, ina ɗauke da ƙwayar sida. Daga matata sai likita suka sani. Ciwon da zai kwantar da kai kwana uku, ni yana iya kai ni kushewa."

Kunya ta kama ni. Na roƙe shi gafara.

Ku sani, a cikin jininmu akwai dakarun da ke yaƙi da cuta. Su ne ƙwayar sida ke kashewa. Maganin da ake kira ARV ba ya warkarwa, amma yana danne ƙwayar, dakarun su farfaɗo. Sai dai a sha shi kullum, ba fashi.

Ashe abin da rediyo ke faɗa mana, shi ya daɗe yana yi. Yana wanke hannu da sabuni kafin cin abinci da bayan ya zagaya. Da buta ake zuba masa, ba ya tsoma hannu a kwanon da kowa ya wanke. Yana tafasa ruwan sha. Yana kwana cikin gidan sauro. In wani na tari, sai ya ja da baya, don tarin fuka shi ne babban mai kisan masu sida.

A watan Maris korona ta shigo Nijar, aka rufe makarantu da masallatai. Can sai matarsa ta aiko mini: magani ya kusa ƙarewa, shi kuwa yana tsoron cunkoson asibiti. Na ce masa barin magani ya fi korona haɗari. Na ɗauke shi a babur da sassafe, kowa da ƙyallensa. Aka ba shi na wata uku, kyauta. Da kansa ya karanta ranar komawa a jikin katinsa. Da allurar rigakafi ta zo a 2021, ya riga ni yi.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa. Amma tarin fuka da zawo da zazzaɓin sauro suna nan.

To, ɗan'uwa, ga roƙona. Ba a ɗaukar sida ta gaisawa, ko cin tuwo tare, ko cizon sauro. Kai mai mura, kai ne abin tsoro gare shi. In kana tari, rufe bakinka. In ya wuce sati biyu, je asibiti a auna majinarka. In ka ga wani yana kiyaye kansa, kada ka yi masa dariya kamar yadda na yi.

Ɗalibina yana nan da rai, bana ma ya yi noma. Allah ya ba mu lafiya. Amin.