Masu Ƙirga Ƙafafun Jirgi a York

Daga Landan zuwa York tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ƙasa, kuma tun ban fita daga tasha ba na ga abin da ya tsayar da ni. Can ƙarshen dandamali, inda rumfa ta ƙare iska ke bugun mutum, wasu dattawa ne tsaitsaye cikin rigunan sanyi, har da wani yaro, kowa da ɗan littafi da biro. Ba jaka, ba alamar tafiya. Wani kan jirgi ya wuce yana jan taragun kaya, sai duk suka duƙa suna rubutu. Na rasa gane musu: ma'aikata ne ko 'yan sandan ciki? A tashar Kano in ka ga mutum yana rubuta lambar jirgi, to aikinsa ke nan, ƙarshen wata a biya shi.

Na matsa na gai da ɗaya daga cikinsu, na ce, "Baba, don Allah wa ya sa ku wannan aiki?" Ya yi dariya ya ce ba kowa, sha'awa ce kawai. Ya nuna mini lambar da ya rubuta yanzun nan. Alƙaluma biyu na farko, 66, su ne ajin injin, ukun ƙarshe kuma nasa ne shi kaɗai. Ya ce abin ya bunƙasa ne tun 1942, lokacin da wani matashin ma'aikacin reluwe, Ian Allan, ya buga ɗan littafi mai ɗauke da lambobin kawunan jirage. Yara suka riƙa saye, duk wanda suka gani da idonsu su ja layi a ƙarƙashin lambarsa. Sai ya yi mini nuni da bayan tasha, ya ce in har wannan ya ba ni mamaki, to in ƙarasa can.

Can ɗin shi ne gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya, wanda aka buɗe a 1975, shiga kuma kyauta. Babban zaurensa tsohon loko ne. A tsakiya akwai faifan da ake juya kan jirgi, ga kawuna sun kewaye shi suna ƙyalli. Ni da na saba ganin tsohon tarago ciyawa ta fito ta tagarsa, sai ga ƙarfen da ya girmi mahaifina ina ganin fuskata a jikinsa.

Mallard na fara nufa, shuɗi, mai sulɓin goshi, lamba 4468. Sir Nigel Gresley ne ya tsara shi, aka ƙera shi a Doncaster a 1938, kuma ranar 3 ga Yuli na wannan shekarar ya yi gudun mil 126 a awa, wato kimanin kilomita 203. Har yau ba jirgin tururin da ya karya wannan tarihi. Ina tsaye baki buɗe sai wani tsoho cikin masu aikin sa kai ya ce in bar kallon fenti, in duƙa in ƙirga ƙafafu. Ƙanana huɗu a gaba, manya shida a tsakiya, ƙanana biyu a baya: 4-6-2 ke nan. Da wannan ƙirga, wadda wani injiniya mai suna Whyte ya fito da ita, ake fara gane kowane jirgin tururi. Manyan na tsakiya su ne masu ja, kuma na Mallard tsayinsu ƙafa shida da inci takwas, sun fi ni tsawo. Wili babba, gudu. Ƙanana masu yawa, ƙarfin jan kaya.

Ya ja ni gaban wani kore ya ce to, bismilla. Na ƙirga: biyu, goma, ba komai a baya, 2-10-0. Na ce mai jan kaya ne. Ya gyaɗa kai, sannan ya nuna bakin bututun hayaƙinsa da aka yi wa zoben jan ƙarfe, ya ce ko daga nesa ka hango wannan, ka san hannun maƙeran Swindon ne. Shi ne Evening Star, lamba 92220, jirgin tururi na ƙarshe da reluwen gwamnatin Birtaniya ya ƙera, a 1960, kuma shekara biyar kacal ya yi yana aiki. Yadda tsohon nan yake karanta ƙarfe, sai dillalin shanu a kasuwar Wudil, wanda zai dubi ƙaho da tozo da haƙori ya gaya maka irin sa da shekarunsa.

Inda kaina ya ɗaure shi ne lamba, don ashe canjawa take. Flying Scotsman na 1923 ya fara da 1472, ya koma 4472, daga baya 502, sai 103, ya ƙare a 60103. Na ce to ta ina za a kama gaskiya? Ya ce a jikin ɗan farantin tagulla da maƙera ke maƙala wa inji, mai ɗauke da sunan masana'anta da shekara da lambar ƙira. Mai jirgi na iya sake fenti da lamba, farantin kuwa yana nan.

Akwai taragon Sarauniya Victoria na 1869, ciki duk alharini, akwai kuma jirgin Japan mai ɗan karen gudu. Na leƙa na wuce.

Wanda ya riƙe ni wani baƙin ƙato ne, 4-8-4, da aka ƙera wa ƙasar Sin a 1935, ya yi wa layukan Ingila girma, gwamnatin Sin ta ba gidan tarihin kyauta ya dawo gida a 1981. Masana'antar Vulcan Foundry ce ta yi shi. Da na ce daga Nijeriya nake, sai idon tsohon ya kawo haske. Ya ce wannan masana'antar ce ta ƙera mana kawunan 2-8-2 a 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunanmu, kuma faɗin tsohon layinmu ƙafa uku da inci shida ne, nasu ƙafa huɗu da inci takwas da rabi. Mutumin da ya ce bai taɓa taka Afirka ba! Ni abin da na kawo shi ne jirgi ya iso Kano a 1911, da labarin dalar gyada da kwal ɗin Inugu. Shi ya san injin, ni na san kayan da ya ja, muka yi musaya.

Kafin in fita ya kai ni wajen wani kan jirgi mai suna Ellerman Lines, wanda aka tsage gefensa ɗaya don a ga ciki: murhu, bututan da zafi ke bi ta cikin ruwa, hanyar da tururi ke bi ya tura fistin. Daga filin 'yan gwangwan na Barry a Wales aka ɗauko shi. Birtaniya ta daina aiki da jirgin tururi a manyan layukanta a 1968, kuma cikin kawuna 297 da aka kai Barry don a yanka, 213 sun tsira. Yawancinsu irin mutanen ƙarshen dandamalin nan ne suka yi karo-karo suka saya, don sun san kowane ɗaya da lambarsa da tarihinsa. A wurinsu ba tarin ƙarfe ba ne.

Mu ma ba mu rasa ba. Akwai gidan tarihin reluwe na Jaekel a Ebute Metta ta Legas, akwai ragowar ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos, wanda ya daina aiki a 1957, a gidan tarihin Jos. Ya kai saurayin da ke zaune kusa da loko, a Zariya ko Kafanchan ko Minna, waya tana hannunka. In ka ga tsohon kan jirgi, nemi izini, ƙirga ƙafafunsa, ka ɗauki hoton lambarsa da farantinsa, sannan ka nemo tsohon direba ka tambaye shi tun yana da rai.