Canjin Tiyon Lagireto a Gida

Alhamis

A cunkoson titin Zariya allurar zafin Corolla ɗina ta haura tsakiya. Da na faka a gida sai ga ɗigon ruwa ja-ja a ƙasa. Ban taɓa murfin lagireto ba, domin ruwan ciki a matse yake, yakan wuce digiri 100 bai tafasa ba, ana buɗewa kuwa sai ya feso wa mutum a fuska. Bayan isha'i, da inji ya huce, na haska da tocila. Tiyon sama ya kumbura a wuya, dab da kilif, ya yi luguf kamar ayabar da ta nuna. Na ƙasa kuma ya bushe, duk ya tsattsage.

Juma'a

Ana saukowa daga masallaci na wuce kasuwar Ƙofar Ruwa. Na sayi tiyo biyu, tunda tare suka tsufa, da sabbin kilif, da kulan wanda aka riga aka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ka cire tamosta kawai ka huta da zafin nan." Na ce a'a. Ita ce ke tsare ruwa har inji ya kai kusan digiri 82 kafin ta buɗe masa hanya. Idan babu ita, inji ba ya ɗumama da wuri, ga shan mai.

Asabar

Da sanyin safiya muka fara, ni da babban ɗana. Muka tara daro, na kwance 'yar toshiyar roba da ke gindin lagireto. Ruwan ya fito gurɓatacce, da tsatsa a ciki. Na matse kilif da filaya na ja shi baya, amma tiyon ya manne ƙam. Yaron ya miƙo sukudireba, na ce, "Ajiye shi, wuyan lagireton nan roba ne, yana tsagewa mun shiga wani kashe kuɗin." Reza na sa na tsaga tiyon a tsaye, ya ɓare da kansa. Muka goge wuyan tas, na tura sabon har ya haye tudun da ke bakin, kilif ya zauna a bayan tudun.

Tsohon ruwan mun juye shi a jarka mun toshe. Yana da zaƙi-zaƙi, amma guba ne mai lalata ƙoda, ga yara da awaki suna yawo a tsakar gida.

Lahadi

Yau ne aikin haƙuri. Cikin motar na ɗaukar sama da lita 6, sai dai ba duka ke fita ba, saura na maƙale a inji. Na riƙa zubawa da mazurari kaɗan-kaɗan, yaron yana mammatsa tiyo. Na tayar da mota murfi a buɗe, na murɗa hita zuwa ƙarshe. Kumfa ta yi ta tasowa ɓul-ɓul, iskar da ta ɓuya ke nan. In aka bar ta, ita ke hana ruwa zagayawa har gasket ya ƙone. Da tiyo biyun suka ɗauki zafi ruwan ya sauka, na ƙara. Fanka ta tashi ta tsaya, sannan na rufe.

Litinin

Kafin in fita na duba ƙaramin tankin ajiyar ruwan lagireto, na cike shi zuwa layin sama. Na je aiki na dawo cikin zafin bazara, allura ba ta gota tsakiya ba, ƙasa kuma a bushe.

'Yan uwa masu mota, ku riƙa matsa tiyonku da hannu idan inji ya huce, kuma ku daina ɗura wa lagireto ruwan rijiya ko na burtsatse, tsatsa da datti yake bari. Kuɗin tiyo da kulan bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba.